Gren 180 a .300 Winchester Magnum: ya ishi kowane babban nama?

Maharbin Binuwai: Assalamu alaikum. Abin ya ishe ni ne na kawo shi gabanku. Duk wanda ya riƙe bindigar farauta .300 Winchester Magnum yanzu, harsashi mai nauyin gren 150 yake nema, wai ya fi gudu, gudu kuwa shi ne ƙarfi, masu sayarwa kuma suna gyaɗa masa kai. Gren 150 giram 9.7 ne, yana barin bakin bindiga da kusan mita 1,000 a daƙiƙa. Gren 180 giram 11.7 ne, gudunsa wajen mita 900. Ku buga lissafi, a awon ƙarfin bugu dukansu tsakanin jul 4,700 da 4,900 suke. In aka yi saiti a mita 200, bambancin faɗuwarsu a mita 300 bai wuce faɗin yatsu biyu ba. To me aka samu? Harsashin gama-gari, dalma cikin siririn ɓawon jan ƙarfe, in ya bugi kafaɗar gwanki daga mita 60 da wannan gudun, tarwatsewa yake a kan ƙashi. Rauni mai faɗi marar zurfi, naman kafaɗa ya lalace, huhu bai taɓu sosai ba, dabba ta shige ciyawa ta mutu inda ba mai ganinta. Wannan zalunci ne. A sa gren 180, ya ishi kowane babban nama.

Ɗan Garwa: Wa alaikumus salam. Malam, ka ce kowane? Har ɓauna?

Maharbin Binuwai: Ɗan'uwa, zancen gren 150 nake yi.

Ɗan Garwa: A'a, ka ce kowane, kuma yara suna karantawa. A yankunan farauta da ke kewaye da gandun Binuwai, Faro da Buba Njida a arewacin Kamaru, wanda ya fita neman gwanki ko kanki da rani yana iya cin karo da ɓauna a bakin rafi. Kan harsashin .300, mai faɗin inci 0.308, ba na ɓauna ba ne, ko gren nawa ne. Shi ya sa Tanzaniya ta sa .375, wato harsashi mai faɗin inci 0.375, a matsayin mafi ƙanƙanta ga dabbobi masu haɗari. .375 H&H, gren 300, mita 770 a daƙiƙa, tun 1912 ake aiki da ita. Janye kalmar nan.

Mai gyaran bindiga: Bari in sa lissafi a tsakaninku. Zurfin shiga yana bin nauyi ne gwargwadon faɗi. A mayar da gren zuwa fam, wato a raba da 7,000, sannan a raba da faɗin harsashi sau kansa a inci. A .308, gren 150 yana ba da 0.226, gren 165 0.248, gren 180 0.271, gren 200 0.301, gren 220 0.331. Gren 300 na .375 kuwa 0.305 ne. Kun ga gren 200 a .300 ya kusa kamo shi a zurfi. Abin da ba zai kamo ba shi ne faɗin rami da karya babban ƙashi.

Ɗan Garwa: Ka ji ko? Ba kowane ba.

Baba mai bin sawu: Yaro, kai ma ka faɗi rabi. Ɓaunar arewacin Kamaru ba ta kai ta kudancin Afirka jiki ba. Babban namijin iland na Derbi, ƙaton dangin gwanki, ya fi ta nauyi nesa, yana dosar kilo 900, amma ba a kiransa mai haɗari. To in "babba" nauyi ne, iland ne babba, kuma ana kayar da shi da .300. In "babba" faɗa ne, ɓauna ce. Ku fara sanin wanne kuke nufi.

Ɗan Garwa: Baba, Allah ya ƙara girma, ɓauna ƙarama ma in ta ji rauni zagayowa take ta jira masu bin sawu. Kowa ya san wannan. Kuma iland ɗin ma yawanci .375 ake ɗaukar masa.

Baba mai bin sawu: Ban musa ba. Amma inda aka sa harsashi shi ne magana. Dabba ta ba ka gefe, ka bi ƙafar gaba ka hau kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirji, nan zuciya da ƙasan huhu suke. In ta karkata tana fuskantarka, sai harsashi ya fasa kan kafaɗa kafin ya kai. In ta ba ka baya a karkace, sai ya ratsa tumbi cike da ciyawa. A waɗannan biyun ne nauyi yake aiki. Mu kuma abin da muke so ramin fita, don ramin shiga kaɗai ba ya zubar da jinin da za a bi a busasshiyar ƙasa.

Mai ɗura harsashi: Duk kuna ta nauyi, nauyi, kamar muna 1950. Nauyin da ya rage bayan harsashi ya shiga shi ne nauyi. Harsashin Barnes TSX jan ƙarfe ne zalla, ba dalma, bakinsa ya buɗe gida huɗu, kusan duk nauyinsa yana nan. Harsashin Nosler Partition, mai dalma, yakan zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Gren 180 na Partition ya koma wajen 120, gren 165 na TSX yana nan sama da 160. Wa ya fi nauyi a cikin dabba? Saboda haka gren 150 ɗin da Malam yake zagi, in TSX ne, ba ya tarwatsewa.

Maharbin Binuwai: Na ce harsashin gama-gari. Ku koma ku karanta.

Mai gyaran bindiga: Alhaji, kada ka taɓa Partition. John Nosler ya fito da shi a 1948 saboda ainihin matsalar da Malam ya kawo, harsashi mai gudu da ya kasa shiga kafaɗar babbar dabba. Katanga ce a tsakiyarsa: gaba ya buɗe ya yi ɓarna a huhu, baya ya ci gaba da tafiya. Zubar da gaban nan da gangan aka tsara shi, kuma yana buɗewa ko gudu ya ragu. Naka na jan ƙarfe in gudunsa ya sauka ƙasa da wajen mita 600 a daƙiƙa, buɗewarsa raguwa take, ya wuce ya bar siririn rami.

Mai ɗura harsashi: A wace tazara .300 Magnum take sauka ƙasa da 600? Sai an wuce mita 400. Wa yake harbi a nan cikin dajin Faro, inda itatuwa ba sa barinka ka hango mita 200? Kuma dalmar da Partition ya zubar ina take zuwa? Cikin naman da ake raba wa ma'aikata da ƙauyuka. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019.

Mai gyaran bindiga: To faɗa musu sauran. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka TSX mai gren 180 ya fi na dalma mai gren 180 tsawo. Wuyan kwanson .300 Winchester gajere ne, inci 0.264, bai ma kai faɗin harsashin ba, tsawon harsashi gaba ɗaya kuma ba ya wuce inci 3.34 in ana so ya shiga gidansa. Dogon kai sai ya nutse cikin kwanso ya ci wurin albarushi. Sannan murɗin cikin bututu, zagaye ɗaya a inci 10 a yawancin waɗannan bindigogi, tsawo yake dubawa, ba nauyi ba. Gren 220 mai dunƙulallen baki yana tafiya daidai, amma dogon jan ƙarfe da ya haura gren 200 yana iya yin tangaɗi. Alamar ita ce rami mai tsawo a takardar gwaji maimakon zagayayye.

Mai ɗura harsashi: Shi ya sa ake sauka mataki ɗaya, 165 ko 168. A bar tazarar inci 0.050 tsakanin kan harsashi da farkon murɗi, a wanke bututu daga ragowar wani harsashi, a ɗauki awon albarushi daga littafin kamfanin da ya yi kan, a fara daga mafi ƙanƙanta. Ba a ɗaukar awon na dalma a zuba wa na jan ƙarfe.

Malamin gandun daji: Ni tambayata, dole ne sai magnum? Ga bindigar 9.3x62 da Otto Bock ya tsara, tun 1905, gren 286, gudu wajen mita 720. Jul ɗinta kusan ɗaya da .300 mai gren 180, amma lissafin zurfinta 0.305, daidai da .375, kuma ba ta dukan kafaɗar maharbi kamar .375. Mutum da yake runtse ido kafin ya ja kunama, gren ba zai cece shi ba.

Ɗan Garwa: Yallabai, wannan ba magnum ba ce, ba ta cikin zancen.

Malamin gandun daji: Ɓaunar da ka shigo da ita tana cikin zancen?

Ɗan Garwa: Tana cikin "kowane".

Maharbin Binuwai: Jama'a, har yanzu ba wanda ya amsa mini: mai .300 da zai harbi gwanki, 150 ko 180?

Mai ɗura harsashi: Bari in tattara, tunda an yi nisa. An yarda ƙirar harsashi ta fi nauyinsa muhimmanci. An yarda TSX mai gren 165 ya wadatar daga maraya har iland. Ɓauna a bar wa .375, nan ma TSX mai gren 270 ko 300. Partition ya yi zamaninsa. Duk wanda ya sauya nauyi ya sake saiti: harbi uku a mita 100, a bar bututu ya huce, a gyara, a sake uku, sannan a tabbatar a mita 200.

Mai gyaran bindiga: Wa ya yarda, Alhaji? Sake saiti kaɗai na sa hannu a kai. Iland mai kilo 900 da ya karkata, gren 200 nake ba shi, Partition ko Swift A-Frame, ba 165 ba. Malam, ga amsarka: a gwanki, in harsashin gama-gari ne kawai a kanti, ɗauki 180 ka bar 150.

Ɗan Garwa: A gwanki dai. Har yanzu bai janye "kowane" ba.