Shin in bar yarona ya tafi shekarar musayar ɗalibai a Amurka?

Wani uba daga Mabera

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin irin wannan tafiya ko suka tura 'ya'yansu. Ɗana na fari, mai shekara 16, wanda yake aji biyu na babbar sakandare a nan Sakkwato, ya ci jarrabawar wani shirin musayar ɗalibai, kuma an ce idan na amince zai tafi Amurka a watan Agusta, ya zauna a gidan wasu mutane yana zuwa makarantar garinsu har watan Yuni. Kuɗin jirgi da na karatu ba a kaina suke ba, saboda haka ba maganar aljihu ce ta hana ni barci ba. Mutanen da za su riƙe shi ba Musulmi ba ne, shi kuwa bai taɓa kwana a wani wuri ba sai Wurno, wajen kakanninsa. Ina tunanin sallarsa da abin da zai ci, ina kuma tunanin jarrabawar WAEC da ke gabansa. Mahaifiyarsa ta ce duk abin da na yanke daidai ne, amma tun ranar da takardar ta zo na lura ba ta cin abincin kirki. Mako biyu aka ba mu mu sa hannu.

Tsohuwar ɗaliba daga Runjin Sambo

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya sanya albarka. Ni na yi wannan tafiya ina da shekarun ɗanku, daga Agustan 2014 zuwa Yunin 2015, a ƙarƙashin shirin YES, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002 domin ɗaliban sakandare na ƙasashen da ke da Musulmi da yawa. An kai ni wani ƙaramin gari a jihar Ayowa, wanda gonakin masara suka kewaye ta ko'ina, wajen wata ma'aikaciyar jinya da mijinta.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kawaicin da aka rene mu da shi. Daren da na sauka, matar gidan ta tambaye ni ko zan ci abinci, na sunkuyar da kai na ce na ƙoshi, ina jiran ta sake yi mini tayi kamar yadda ake matsa wa baƙo a wajenmu sau biyu ko uku. Sai kawai ta ce to, ta sa abincin a firji, ta yi mini sai da safe. Da yunwa na kwana, bayan tafiyar da ta haura yini guda. Daga baya ta gaya mini cewa ta ɗauka ba na son zama da su ne, domin duk lokacin da take magana ƙasa nake kallo, alhali a wajensu yaron da ba ya kallon idon babba ana zaton wani abu yake ɓoyewa.

Haka ta faru da salla. Can alƙibla arewa maso gabas take, wannan kuwa waya ma tana nuna wa mutum. Matsalar ita ce a watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar, azahar da la'asar duk suna riskar ɗalibi yana makaranta ko a motar komawa gida. Na yi kusan mako uku ina tara salloli sai na dawo in rama, saboda nauyin tambaya. Ranar da na daure na buɗe baki, mai kula da ɗakin karatu ta nuna mini wani ɗan ɗaki a bayan kantocin littattafai, ta ce nawa ne duk lokacin da nake so. Buta babu ita, gorar ruwa nake ɗauka a jaka. Game da abinci, yaron ya haddace sunayen da naman alade yake fakewa a bayansu, irin su bekon da ham da feferoni, ya kuma riƙa duba jikin ledar alewa ko akwai jelatin, wani sinadari da akan yi da sassan alade. Karen gidan a falo yake kwana, na ce ba na son ya shiga inda nake salla, suka riƙa rufe ƙofar ɗakina, magana ta ƙare. Da babbar salla mijin ya tuƙa ni fiye da awa guda zuwa Cedar Rapids, garin da ke da masallacin da aka gina tun 1934, ya zauna a mota yana jira har aka idar.

Ban ce babu ɗaci ba. Shekarar da cutar Ebola ta shigo Legas ce, kuma ba a daɗe da sace 'yan matan Chibok ba, don haka akwai ɗaliban da suka riƙa ja da baya idan na zauna, sai da na buɗe taswira na nuna musu cewa tsakanin Legas da Sakkwato kusan kilomita 1,000 ne. A watan Janairu sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, na yi kukan kewar gida har na gaji, ni da nake ƙorafin zafin Afrilu. Roƙona gare ku, Baba, idan ya tafi kada ku riƙa kiransa kullum. Da hunturu awa 7 ke tsakaninmu da Ayowa, kuma yaron da ya kwana a waya da mutanen gida ba ya sabawa da mutanen da yake tare da su. Ku nemi lambar jami'in da ke kula da shi a garin, wanda doka ta wajabta masa tuntuɓar ɗalibi kowane wata, domin idan zama ya ƙi daɗi ana iya sauya masa gida, amma sai ya faɗa.

Malamin lissafi daga Arkilla

Alhaji, ni ta ɓangaren karatu zan yi magana, domin ɗalibaina biyu sun yi irin wannan tafiya. Ka sa a ranka cewa shekara guda za ta tafi. WAEC ta 'yan makaranta a watannin Mayu da Yuni ake rubuta ta, NECO tana biye da ita, rajista kuwa ana rufe ta tun yana can. Ko da ya dawo a kan lokaci, abin da ya karanta ba manhajarmu ba ce, domin can ɗalibi ne yake zaɓar darussansa, kuma zai iya shafe shekarar bai taɓa wasu darussan da za a tambaye shi a nan ba. Abin da ya fi shi ne ya dawo ya shiga aji uku a watan Satumba tare da 'yan bayansa. Ka je wajen shugaban makarantarsu tun yanzu ku yi wannan yarjejeniya a rubuce, a adana masa makin gwajinsa na aji ɗaya da aji biyu, domin ana buƙatarsa wajen rajistar jarrabawa. Shi kuma ya zaɓi lissafi da kimiyya a can, ya taho da takardar sakamakonsa mai hatimi.

Ingilishinsu kam yana buɗewa, kuma suna dawowa da ƙarfin halin yin tambaya a aji. Sai dai dawowar tana da nata nauyin. Ɗaya daga cikin nawa ya sha tsokana, ana kiransa Ba'amurke, wani abokin aikina kuma ya ɗauke shi marar kunya saboda yana kallonsa ido cikin ido. Sai da zango guda ya wuce kafin ya koma daidai.

Wani dattijo daga Ƙofar Rini

Malam, ni da nawa ne da na ce ya bari sai ya gama sakandare, ya ƙara hankali, in ya so ya nemi ta jami'a. Ban musa abin da 'yata ta faɗa a sama ba, ta yi dace da mutanen kirki, kuma Allah ya tsare ta. Amma yaro a garin nan ba shi kaɗai yake riƙe da sallarsa ba. Ladan yana kira ta kowace kusurwa, uba yana buga ƙofa da asuba, maƙwabci yana tambaya in bai gan shi a sahu ba. Can zai yi wata goma bai ji kiran salla ba, ranar Juma'a kuma yana aji. Azumi ma yanzu cikin shekarar karatun yake faɗowa, wajen Fabrairu zuwa Maris, kuma ko da yake sanyi zai rage masa ƙishirwa, shi kaɗai zai tashi sahur a gidan da kowa yake barci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk hannun da ya riƙe shi a lokacin shi ke tanƙwarawa. Kafin ka sa hannu, ka daina tashinsa da asuba cikin kwanakin nan ba tare da ka gaya masa dalili ba, ka ga abin da zai yi.

Wani uba daga Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na gwada abin da kuka ce. Kwana biyun farko sai da gari ya waye ya tashi, a na uku na ji ƙarar agogon wayar mahaifiyarsa daga ɗakinsa, ashe ya aro ta ba wanda ya sa shi, kuma yau kwana shida ke nan yana riga ni fita masallaci. Na karanta wa mahaifiyarsa labarin daren yunwar nan, ta yi dariya har da hawaye, ta ce lallai haka ɗanta zai yi. Ranar Litinin zan je wajen shugaban makaranta kamar yadda Malam ya ce, in ya yarda da maganar aji uku a rubuce zan sa hannu. Tambayar da ta rage ta mahaifiyarsa ce: kayan sanyi a nan za a saya masa wajen 'yan gwanjo ko a bari sai ya je, kuma za a iya haɗa masa ƙullin kilishi da kayan miya?

Tsohuwar ɗaliba daga Runjin Sambo

Baba, ku gaida Mama, ku ce ta bar maganar rigar sanyi sai ya je, domin wadda muke sawa da hunturu a nan ba za ta tare komai ba a can, kuma a Agusta zafi zai tarar. Kilishi kada a sa ko kaɗan, jami'an kwastam na Amurka ba sa barin nama ya shiga, kuma in an ɓoye aka gano akwai tara. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa a ɗaure su da kyau, a rubuta sunan kowanne a jiki, ya kuma bayyana su a filin jirgi idan an tambaye shi ko yana ɗauke da abinci. A sa masa kaftani da hula masu kyau guda biyu, domin za a nemi ya tsaya gaban aji ya ba da labarin garinsu.