Na kasa kwanciya a cikin na'urar MRI, ina neman shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Likita ya tura ni hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka mutum yana kwance a cikin na'ura mai kama da bututu, saboda ciwon baya da ya sauko mini har ƙafar hagu, amma makon jiya na kasa kammalawa. Da gadon ya tura ni ciki, na ga rufin dab da fuskata, sai kabari ya faɗo mini a rai, gabana ya shiga dukan uku-uku, yatsuna da leɓɓana suka mutu, na ji kamar iska ta ƙare. Ko minti uku ban yi ba aka fito da ni. Dama tun ina yarinya ba na shiga lif, ban ɗaki ma ba na sa masa sakata. An sake ba ni rana, kuma ba na son in koma in maimaita abin kunya.

Wani ma'aikacin sashen hoto:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Babu abin kunya a nan, domin muna ganin irin wannan a wurin aiki, har da maza masu ji da kansu. Faɗin bututun yawancin na'urori santimita 60 ne, sababbi kuma suna kai 70, saboda haka ki tambaya wace iri ce tasu. Bututun a buɗe yake gaba da baya, kuma iska tana ratsa shi a kowane lokaci. Mutuwar yatsun da kika ji daga saurin numfashi ta zo, wanda ke rage iskar kabon dayoksaid a jini, ba daga ƙarancin iska ba. Tun da ƙasan baya za a ɗauka, ki roƙa a shigar da ke ta ƙafa idan na'urar ta ba da dama. Idan kina ganin hakan ba zai wadatar ba, ki gaya wa likitanki tun kafin ranar, yana iya rubuta miki maganin kwantar da hankali, sai dai ki zo da wanda zai mayar da ke gida, domin ba a tuƙi bayan an sha.

Wata da ta taɓa shiga:
'Yar'uwa, sau biyu aka yi mini, kuma kuskurena a karon farko shi ne buɗe ido. A karo na biyu tun gadon bai motsa ba na sa aka ɗora mini ɗan ƙyalle a ido, na riƙe robar da ake matsawa don kiran ma'aikaci a hannu, na roƙi ma'aikacin ya riƙa faɗa mini tsawon kowane zango kafin ya fara, yana cewa wannan minti huɗu ne, wancan uku. Ina shaƙar iska in ƙirga huɗu, in fitar a hankali in ƙirga shida, ina salati a zuci ba tare da motsa jiki ba. Firgitar ta zo, ba zan ɓoye miki ba, amma na bar ta ta kai maƙura, kafin minti goma kuwa ta fara sauka da kanta.

Wani malamin jinya:
Shawarwarin nan za su fitar da ke ranar hoto, amma ni maganar lif da sakata ce ta tsaya mini a rai. Duk lokacin da mutum ya guje wa wurin da yake tsoro, sauƙin da ya samu nan take shi ne ke ƙara wa tsoron ƙarfi. Maganin da aka fi dogara da shi shi ne sabawa mataki-mataki a hannun masanin halayyar ɗan Adam: yau ki tura ƙofa ba sakata, wani mako ki sa sakata na minti ɗaya, daga baya ki hau lif hawa ɗaya tare da wani. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato, su ne wuraren da za ki fara tambaya.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Gobe zan kira su in tambayi faɗin na'urar da maganar shiga ta ƙafa, kuma ƙanwata ta ce za ta raka ni.