A yanka wa 'yan kwamitin ruwa alawus, ko a bar shi aikin sa kai?

Sakatare: Assalamu alaikum jama'a. Kafin taron Lahadi ina so in faɗi abin da ke raina, don kada a ce na zo da shi bagatatan. Rani 4 ke nan ina riƙe da littafin ƙungiyarmu ta masu amfani da ruwa, kuma in wa'adi ya cika ba zan sake tsayawa ba. Shawarata saboda waɗanda za su gaje mu ita ce a yanka wa 'yan kwamiti alawus daga kuɗin da muke tarawa. Aikin nan ya fi ƙarfin sa kai. Mutumin da ba ka biya ba, ba ka da bakin tuhumarsa, shi ya sa komai namu yake tafiyar hawainiya.

Baba Mai Alkama: Wa alaikumus salam. Ɗana, ban yarda ba. Ina saurayi aka gama madatsar Tiga a 1974, aikin da aka ɗauko zamanin Audu Bako. Kafin ruwan nan ya biyo ta Ruwan Kanya ya iso Kadawa da Kura da Bunkure, da an gama girbi sai samari su ɗaure kaya su tafi cin rani. Ruwan ne ya zaunar da mu gida. Tun daga lokacin, in kanal ta cushe, gayya ake kira, kowa ya fito da shebur da lauje, a yi tuwo a dama fura, a watse. Ba wanda ya taɓa miƙa hannu. Ranar da kuka sa kuɗi a kujerar nan, masu son kujera za su zo, masu son aiki su koma gefe.

Ɗan Ƙarshen Kanal: Baba, Allah ya ƙara girma, amma gonarka a bakin ƙofar da ake sako ruwa take. Mu da muke can ƙarshe mu muka san zafin abin. Ranar da layi ya zo kanmu, kafin ruwa ya iso an tare shi da buhunan yashi a sama, wani ya ƙara bututu biyu kan wanda aka yarje masa, sauran kuma kachala da laka su riƙe. Makon jiya har ƙarfe biyun dare ina zaune a gona, abin da ya iso bai jiƙa rabin eka ba. Na kira ɗan kwamitin da ke kula da layinmu, ya ce shi ma yana ban ruwa a tasa gonar. Me zan ce masa? Ba bawana ba ne, ba kuma albashina yake ci ba. Ina bayan Sakatare.

Hajiya Mai Albasa: Ni kafin a zo maganar biya, a fara karanta mana littafi. Eka 2 nake haya, ban taɓa fashin kuɗin ruwa ba, ban kuma taɓa jin an tsaya gaban jama'a an ce ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita ba. Ba zargi nake yi ba, Sakatare, na san ka da amana. Sai dai ana sa taro bayan isha'i, wace mace ce za ta je? Mu ke dashe, mu ke tsinkar tumatir, mu ke turara shinkafar da Kura take alfahari da ita, amma babu mace ko ɗaya a kwamitin. Yanzu kuma a ce mu biya mutanen da ba mu zaɓa ba.

Malamin Islamiyya: Ku ba ni dama in sa baki, domin na ji kamar ana ɗaukar karɓar lada a kan aikin jama'a abin kunya ne. Ba haka ba ne. A cikin Suratut Tauba, aya ta 60, da aka lissafa waɗanda ake bai wa zakka, an sa ma'aikatan da ke tattara ta a ciki. Sayyidina Abubakar ma da ya zama halifa ya nufi kasuwa don ya ciyar da iyalinsa, sai sahabbai suka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali. Abin da aka tsananta a kansa shi ne kyautar da ma'aikaci ke karɓa saboda kujerarsa. Kun san labarin mai karɓar zakkar da ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi, Annabi (SAW) ya hau mimbari ya yi faɗa a kai. To mu tambayi kanmu tsakani da Allah: kwandon tumatir ɗin da ake kai wa ɗan kwamiti gida da daddare, don me ake kai shi? Wanda ya ce ba a biyan 'yan kwamiti bai duba da kyau ba. Ana biyan wasu, a ɓoye, kuma mai ƙarfi ne yake biya.

Baba Mai Alkama: Allah ya gafarta Malam, karatu naka ne, ba zan ja ba. Amma Sayyidina Abubakar barin kasuwar ya yi gaba ɗaya. Namu wa zai bar gonarsa? Zai karɓi alawus, ya kuma karɓi kwandon.

Ma'aji: Bari in faɗi abin da ke cikin asusu, tunda ni ke riƙe da shi. Ba zai ɗauki alawus ba. Tun shekarar 2016 da tsutsar sharon ta cinye tumatir, wasu suka saba da cewa sai an kai kaya kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan za su biya kuɗin ruwa, in kasuwa ta faɗi kuma shi ke nan. Da shirin TRIMING na Bankin Duniya ya zo aka gyara manyan hanyoyin ruwa, an gaya mana ƙarara cewa ƙananan da ke shiga gonakinmu mu za mu riƙa kula da su. Duk nairar da aka ba ɗan kwamiti, daga kuɗin yasar kanal aka cire ta. Abin da nake gani adalci shi ne a mayar wa mutum kuɗin man babur da katin waya in ya je aikin ƙungiya, da rasit. Hajiya, maganarki gaskiya ce, laifinmu ne.

Sakatare: Ma'aji, man babur ba shi ne ya gajiyar da ni ba. Bara na ci tarar ƙanin mahaifina saboda ya fasa bakin kanal da dare. Doka ce muka sa hannu a kanta gaba ɗayanmu. Har yau ba ya amsa gaisuwata, ranar sunan ɗana bai zo ba. Wannan kwandon da Malam ya faɗa, an kawo mini shi sau uku na mayar, waɗanda suka kawo yanzu su ne suke cewa ina da girman kai. Tumatirina kuma ya sha ƙishi a lokacin da yake fure ina can ina raba faɗan wasu. Na yarda alawus ba zai sa baffana ya amsa gaisuwata ba. Amma ku gaya mini, wane matashi ne zai ga abin da na gani ya ce a ba shi littafin nan a kyauta?

Ɗan Ƙarshen Kanal: To ko a raba abin biyu? Kwamiti ya zauna a sa kai kamar yadda Baba yake so, amma a ɗauki mai gadin ƙofa guda, wanda ba shi da gona a layinmu kuma ba ɗan uwan kowa ba, a biya shi duk wata. In ruwa bai iso ba mun san wanda za mu kama. Na yarda a ƙara mini kuɗi a kan eka saboda wannan.

Baba Mai Alkama: Mai gadi ma'aikaci ne, a biya shi, ban hana ba. Amma baƙon da bai san kowa ba, wa zai ji tsoronsa ƙarfe biyun dare? Sai dai in dattawa za su tsaya masa. A kan alawus ɗin kwamiti kuwa ina nan a kan bakana. Sakatare, baffan naka abokina ne tun muna yara, ban san abin ya kai haka ba. Gobe bayan la'asar zan je in same shi.

Hajiya Mai Albasa: A mayar da taron Lahadin bayan azahar, zan zo da mata biyar masu haya kamar ni. Ba za mu yarda da ƙarin ko sisi ba sai mun ji littafi.

Ma'aji: Zan zo da shi, har da sunayen masu bashi. Wanda ya san yana ciki yana da kwana 4.

Sakatare: Na sa magana uku a takardar taro: littafi, mai gadi, alawus. Ban janye ta ukun ba, a ƙirga hannu a kanta.

Ɗan Ƙarshen Kanal: Kafin Lahadin, yau da dare layinmu ne, albasata ta fara lanƙwasa kai. Wa zai raka ni mu bi kanal ɗin daga ƙofa?