In ka tsinci ɗan tsuntsu a ƙasa

To jama'a ga abin da aka tsayar a wata hira da aka yi kan abin da za ka yi in ka tsinci ɗan tsuntsu a ƙasa. Fara duba jikinsa tukuna. In bai yi gashi ba mayar da shi sheƙarsa kawai, zancen wai uwar za ta ƙi shi don ka taɓa shi ba gaskiya ba ne. Wanda gashi ya fito yana ta tsalle-tsalle kuwa ƙyale shi, koyon tashi yake iyayen na kusa suna ciyar da shi, kai dai kori kyanwa. Inda aka fi jan kunne shi ne ruwa, don Allah kar a ɗura masa a baki, yana iya shiga huhunsa. Madara ma a'a. In ya ji ciwo sa shi a kwali mai huji, wuri mai ɗumi, nemi likitan dabbobi.