A tara manganis ɗin Kebbi yanzu, ko a jira Ajaokuta?

Injiniya: Salamu alaikum jama'a. Ra'ayina shi ne gwamnatin tarayya ta riƙa sayen baƙin dutsen manganis da ake samu a wajen Ka'oje da Wasagu tana ajiyewa. Ba a yin ƙarfe mai ƙwari sai da shi, shi ke janye ƙibiritu daga narkakken tama, ya hana ƙarfe tsagewa. Amurka tun 1939 take da dokar tara irin waɗannan ma'adinai saboda ranar yaƙi.

Kawu Maƙeri: Wa alaikumus salam. Injiniya, su Amurka murhunsu na ci. Mu fa? Tun 1979 aka kafa kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da taimakon Tarayyar Sobiyet, har yau babban murhun bai narka tama ba. Wa ke tara daddawa alhali ba a aza tukunya ba?

Injiniya: Kawu, dutse ba ya ruɓewa. Abin da tirela ta kwashe yau ba zai dawo ba, gobe kuma da dala za mu sayo shi.

Malama: Ni ina bayan Injiniya, amma da sharaɗi. An gwada wannan da zinare. A 2020 aka kai wa Shugaba Buhari sandar zinare mai kilo 12.5 a ƙarƙashin PAGMI, shirin gwamnatin tarayya na tallafa wa ƙananan masu haƙar zinare, aka ce Babban Banki zai riƙa saye daga ƙananan masu haƙa, har da na wajenmu Yauri. In za a yi wa manganis haka, a kafa sikeli a bakin rami, a biya mai haƙa hannu da hannu.

Kawu Maƙeri: Malama, zinare kuɗi ne da kansa, a akwati ɗaya yake shiga. Wannan kuwa fili yake ci, ga kuɗin mota, ga masu gadi. Ni a Jega nake walda. Rodin da ke zuwa mana yawanci daga tsoffin ƙarafan 'yan jari-bola ake narka shi. Jiya na lanƙwasa wani zan yi ringin ginshiƙi, ya karye mini a hannu kamar kara. A fara gyara wannan.

Injiniya: To ai ka faɗi hujjata, Kawu! Haɗin ne bai yi daidai ba.

Baba Alhaji: 'Ya'yana, kun manta abu ɗaya. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a Zamfara, a Bagega da ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka dutsen zinare a cikin gidaje. Duk ranar da gwamnati ta buɗe kasuwa, mutane rami za su faɗa. Wa zai duba lafiyarsu?

Malama: Gaskiya ne, Baba. Sai a ce ba a saye sai daga ƙungiya mai rajista da ke aiki nesa da gari.

Kawu Maƙeri: Ni dai ban sauka ba. Ga tama a Itakpe, ga layin dogo har Warri, ga ma'aikatar ƙarafa guda mai ministanta da aka kafa a 2023. Ranar da na ga hayaƙi a Ajaokuta, ni zan kai buhun farko.

Injiniya: Allah ya sa kafin ranar akwai sauran abin zubawa a buhun, Kawu.