Neman taimako: maɓallin ƙahona na tuba ya cije

Assalamu alaikum. Don Allah ina masana kayan busa a Kano?

Tun ina yaro nake bin 'yan badujala wajen fareti saboda ƙaton ƙahon nan mai kaurin murya, tuba. Bana Allah ya nufa na sayi tsohuwa a Sabon Gari, babba, irin wadda bututunta in an warware ya haura mita 5.

Maɓalli na biyu ne matsalar. Tun shigowar hunturu, in na danna sai ya tsaya a ƙasa. Na zare fistin, wato ƙarfen da ke ƙarƙashin maɓallin mai hawa da sauka, na wanke da ruwan ɗumi da sabulu, na sa man bawul, wato man da ake shafa masa don santsi. Da na mayar cikin gidansa sai ya cije daidai rabi. Akwai ɗan zane mai ƙyalli a gefen fistin, shi ya sa nake zargin gidan ne ya lotsa.

An ce in goga samfefa, na ƙi, don in ya zaizaye iska za ta riƙa kuɓucewa, sautin ya mutu.

Akwai mai gyaran irin wannan a Kano, ko sai Legas? Maƙerin tagulla zai iya miƙe gidan ba tare da ya faɗaɗa shi ba?