Wace busasshiyar rigar nutso ta dace da mai zuwa ruwan sanyi?

Aminu, Gwarinpa:

Assalamu alaikum. Na koyi nutso da tukunyar iska a Dahab da ke gaɓar Bahar Maliya a Masar, inda ruwa ke da ɗumi har siririyar rigar roba mai barin ruwa ya shiga ta wadatar. Yanzu Allah ya nufe ni da tafiya karatu Abadin a Sukotlan, kuma burina shi ne in je Scapa Flow, wani mashigin teku a tsibiran Orkney na arewacin ƙasar, in ga ragowar jiragen yaƙin Jamus da aka nutsar a 1919. An shaida mini cewa can sai da busasshiyar riga, wadda ruwa ba ya shiga cikinta ko kaɗan. Shin ta niyofirin, wato roba mai kama da soso, zan nema ko mai yadi ninki uku? Kuma ya fi dacewa in yi odarta tun ina Abuja, ko in bari sai na isa?

Injiniya Bala, Rayfield, Jos:

Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Allah ya sa a je a sa'a. Shawarata ita ce kada ka fitar da ko sisi kafin ka isa, domin wannan riga sai an gwada ta a jiki, a durƙusa da ita, a miƙa hannu har bayan wuya a ji ko za a iya taɓa makunnin tukunya. Idan ta yi maka yawa, iska za ta riƙa yawo a cikinta tana taruwa a ƙafafu. Idan ta matse, ba za ka iya sa kayan ɗumi masu kauri a ciki ba.

Game da tambayarka ta farko, kowace tana da nata hali. Ta niyofirin tana da ɗumi da kanta, amma tana da nauyi, tana daɗewa ba ta bushe ba, kuma da yake robar cike take da ƙananan kumfa, matsin ruwa yana danne ta yayin da kake yin ƙasa, sai ɗuminta ya ragu, yanayin tasowarka ma ya canza. Akwai wadda aka riga aka matse tun a masana'anta domin rage wannan matsala. Mai ninki uku kuwa ba ta da ɗumi ko kaɗan, aikinta kawai ta tsare ruwa, ɗumin yana fitowa ne daga kayan da ka sa a ciki. Ni ita na fi so ga ɗalibi mai hawa jirgin sama, saboda ba ta da nauyi a jaka, tana bushewa da wuri, kuma kana iya ƙara kayan ciki ko ka rage gwargwadon lokaci. Sai dai ka guji auduga a ƙarƙashinta, don tana shan gumi ta riƙe shi, ta mayar maka da shi sanyi. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska kusan sau 25, saboda haka ɗan danshi kaɗan a ruwan da bai kai digiri 10 ba babban al'amari ne.

Hajiya Rabi, Wuse:

Ƙanena Aminu, abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, amma ni abin da ya fi damuna shi ne horo. Duk mita 10 da ka sauka, matsi yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar sararin duniya guda, sai rigar ta manne maka har ta yi ciwo, dole ka tura mata iska ta bawul ɗin ƙirji. Idan za ka hau, iskar nan tana kumbura, kuma wajibi ne ta fita ta bawul ɗin da ke dantsen hagu. Wanda bai saba ba, iskar kan gudu zuwa ƙafafunsa, ya juye kai ƙasa, ya taso sama da gudu ba tare da ya iya tsayawa ba, kuma irin wannan tasowa tana iya jawo ciwon kumfar iska a jini ko ta lahanta huhu. PADI da SSI, ƙungiyoyin da ke horar da masu nutso, duk suna da kwas na musamman a kan wannan, kuma cibiyoyi da yawa ba sa ba da hayar rigar sai ka nuna shaidarsa. A Silfra, wani wurin nutso a ƙasar Aisilan, inda ruwa ke tsakanin digiri 2 zuwa 4, ba a barin mutum ya yi nutso sai da shaidar ko tabbacin ƙwarewa da rigar. Ka yi kwas ɗin da ta haya, daga nan za ka san abin da jikinka yake so.

Malam Dauda, Bukuru:

Ina so in ƙara magana a kan bakin wuya da na hannu, wato robar da ke hana ruwa shiga ta nan, da kuma zif, domin nan ne riga take fara lalacewa. Na lateks ya fi kama fata, amma zafi da rana da tiririn man fetur suna cinye shi, wasu kuma fatarsu ba ta jure shi. Na silikon ya fi laushi, kuma da yake a kan zobe ake ɗaura shi, kana iya canza shi da kanka a bakin ruwa. Wannan ya sa nake ganin ya fi dacewa da wanda wata rana zai dawo da rigarsa gida, inda samun mai gyara yake da wuya. Zif ɗin tagulla yana son a riƙa shafa masa kaki, kuma ba a lanƙwasa shi da ƙarfi. In ka dawo da ita, ka ajiye ta a inuwa nesa da ɗakin janareto.

Aminu, Gwarinpa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Dauda, in na dawo, zan iya ci gaba da atisaye da ita a kududdufan kuza na Jos, tunda ruwansu yana sanyi lokacin hunturu?

Malam Dauda, Bukuru:

Ban ba ka wannan shawara ba, ɗan'uwa. Ramukan haƙar kuza suna da gangara mai tsanani da laka a ƙasa, ba a ganin nesa a cikinsu, kuma sun sha cin rayuka. Ban da haka, Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, alhali duk nutson da aka yi a wurin da tsayinsa ya wuce mita 300 sama da matakin teku yana buƙatar lissafi na dabam, dole agogon nutsonka, mai lissafa zurfi da lokaci, ya kasance an saita shi a kan tsayin wurin. In atisaye kake so, ka nemi wurin ninkaya mai zurfi a Abuja tare da abokin nutso mai shaida, ku yi ta gwada sakin iska da juyawa daga kifewa a can.